Wane Irin Takalmi Baƙon Haure Ke Sawa?

Alhaji, sauke girar nan tukuna, ban kai ga buɗe baki ba ka riga ka yanke hukunci. Na ji ka sarai: "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In kana da takardunka, ciro ka nuna ka wuce, mene ne na zuwa kotu?" Malam da ke gefenka ya ɗora da cewa shi daga Maraɗi zuwa Yamai jandarma na shiga mota ya karɓi katin fasinjoji, kuma bai taɓa jin wanda ya ɗauki lauya a kan haka ba. Hajiya kuwa cewa ta yi Amurkawa hutu ne ya yi musu yawa, da sun taɓa bin hanyar Kano zuwa Legas cikin dare da sun san abin da ake kira shinge.

Malam, da bakinka zan kama ka. Jandarman nan naka daga kujerar gaba yake farawa, bai tsayawa sai ya kai ta baya. Mai rawani ya miƙa, mai hular sanyi ya miƙa, tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro nata. Akwai takura, amma takurar ta kowa ce. Dokar da nake so mu taɓa yau ba ta ce a tambayi kowa ba. Cewa ta yi ɗan sanda ya duba, ya yi zargi, sannan ya tambaya.

Ranar 23 ga Afrilu 2010 gwamnar jihar Arizona ta Amurka, Jan Brewer, ta sa hannu a dokar da aka fi sani da lambarta, SB 1070. Ɗan majalisar dattawan jihar Russell Pearce ne ya kawo ta, wani malamin shari'a mai suna Kris Kobach ya taya shi tsara ta. Abin da ya fi tada ƙura a cikinta shi ne sashen da ya ɗora wa ɗan sanda nauyi: duk wanda ya tsayar bisa doka, ko da fitilar bayan motarsa ce ta mutu, in akwai zargi mai dalili cewa baƙon haure ne, to wajibi ne ya yi ƙoƙarin gano matsayinsa. Aka kuma ba mazauna jihar damar maka hukumar 'yan sanda a kotu in suka ga tana sassauta aikin. Ka ga an sa ɗan sanda a tsaka mai wuya ke nan. In ya tambaya a ce ya yi wariya, in bai tambaya ba a kai ofishinsu ƙara.

Na ga Alhaji yana kaɗa kai, wai har yanzu bai ga matsala ba. To saurara, ranka ya daɗe, ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa irin wanda muka sha layi muka yi. Baƙo mai shekara 18 zuwa sama, dokar tarayya ta daɗe da wajabta masa yawo da takardar zamansa. Amma ɗan ƙasa ba wanda ya ce ya riƙa yawo da shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. In yana tuƙi ya riƙe lasisi, shi ke nan. In fasinja ne ko mai tafiya a ƙasa, yana iya fita da aljihu wayam, bai karya komai ba. Saboda haka mutum biyu na iya zama a bayan mota ɗaya, ba wanda ke da ko ƙyallen takarda, ɗaya kakan kakansa a garin aka binne shi, ɗaya shekaranjiya ya tsallako. Rashin takardar bai raba su ba. Me zai raba su a idon ɗan sanda?

Ba ni na fara wannan tambaya ba. A ranar da aka sa hannu, wani ɗan jarida ya tambayi gwamnar yadda baƙon haure yake a ido. Ta amsa da gaskiyarta cewa ba ta sani ba. Allah ya saka mata da wannan. Amma wani ɗan majalisar wakilai daga Kalifoniya, Brian Bilbray, shi ya nuna ya sani. Ya fito a talabijin ya ce ƙwararrun jami'ai na iya ganewa ta irin tufafin mutum, har zuwa takalminsa. Takalmi, Alhaji! Kai da kake zuwa ɗaurin aure da babbar riga ta dubu ɗari da silifas ɗin alwala saboda tsoron ɓarayin masallaci, ina aka sa ka a wannan lissafi?

Malam ya yi wuf ya ce ai an gyara dokar. Gaskiya ne, kuma na yaba da ka bi labarin. Mako guda bayan sa hannu majalisar jihar ta yi mata kwaskwarima, ta ce ɗan sanda ba zai yi la'akari da launin fata ko asalin mutum ba. Sai dai ka tsaya a rabin jimla. Sauran rabin cewa ya yi: sai iyakar abin da tsarin mulki ya halatta. Kuma tun 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a kusa da iyaka, kama da 'yan Meziko shi kaɗai bai isa dalilin tsayar da mota ba, amma yana iya zama ɗaya daga cikin dalilai. An rufe ƙofa, an bar taga. Ɗan sandan da ke son tambayarka ba zai rubuta a rahotonsa cewa fuskarka ce ta ja shi ba. Zai rubuta cewa gilashin gabanka ya tsage, Turancinka na da gargada, kuma kun yi yawa a motar.

Ku dubi inda ake maganar ma. Arizona ƙasar Meziko ce har 1848, lokacin da yaƙi ya ƙare Amurka ta karɓe arewacinta. Kudancinta, har da garin Tucson, sayen sa aka yi a yarjejeniyar 1853. Jihar ba ta zama jiha ba sai 1912. A ƙidayar 2010 kusan mutum uku cikin kowane goma na jihar 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne ko masu izinin zama. Ga kuma ƙabilar Tohono O'odham da suke can tun kafin a san Amurka ko Meziko, iyaka ta zo ta raba ƙasarsu biyu, dangi a nan, dangi a can. Malam, kai ka fi kowa sanin irin wannan. In na kai ka kasuwar Jibiya ranar da take ci na ce ware min 'yan Najeriya gefe, 'yan Nijar gefe, ba tambaya, ido kawai, mutum nawa za ka ware kafin ka tura ƙanin mahaifiyarka Maraɗi?

Kada ku ce na ƙi jin ta ɗaya ɓangaren. Mutanen Arizona ba mafarki suka yi suka tashi da doka ba. Iyakarsu da Meziko ta kai kusan kilomita 600, yawancinta hamada, kuma bayan da aka tsaurara tsaro a Kalifoniya da Texas a shekarun 1990 masu tsallakowa da masu fataucinsu suka karkato ta nan. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta baƙin haure kusan 460,000 a jihar gab da lokacin. Wata guda kafin dokar an harbe wani mai gonar shanu a filinsa kusa da iyaka, ran jama'a ya ɓaci ƙwarai. Majalisar tarayya kuma ta yi shekaru tana jan ƙafa kan gyaran dokar shige da fice. Duk ƙasa na da ikon sanin wa ya shigo mata. Alhaji, a nan ba mu da faɗa. Faɗanmu a kan hanyar ganowa ne, da wanda zai biya kuɗin kuskure.

Hajiya ta ce wane kuskure, tsayuwar minti biyar ce a wuce. Hajiya, Allah ya bar mana ke. Bari in kai ki garin Chandler, kusa da Phoenix a Arizona, a watan Yulin 1997, shekara 13 kafin dokar. Kwana biyar 'yan sandan gari da jami'an iyaka suka yi suna bin titi da shaguna suna tambayar mutane takarda. Sun kama baƙin haure 432. A hanyar kama su sun tare 'yan ƙasa da masu izinin zama da dama, ba don komai ba sai launinsu da Sifaniyancin da aka ji a bakinsu. Babban lauyan jihar na lokacin, Grant Woods, ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, ya bincika ya ce an taka haƙƙin mutane. Garin ya biya diyyar dala 400,000. Wato lokacin da masu adawa da SB 1070 ke cewa za a yi wariya, ba duba suka yi ba. Sun gani da idonsu.

Sai kuma gogan, Joe Arpaio, shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa, muƙamin da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Ya riƙe kujerar daga 1993 zuwa ƙarshen 2016. Shi ne mai tsare fursunoni a tantuna cikin zafin hamada, yana sa musu kamfai ruwan hoda don ya wulaƙanta su, kuma yana alfahari da haka a gaban kyamara. Tun kafin SB 1070 yaransa ke cika unguwanni da motocin sintiri suna tsayar da mutane kan ƙananan laifukan hanya. A 2007 suka tsayar da wata mota, a cikin fasinjojin akwai wani ɗan Meziko mai biza mai kyau. Ya ciro ya nuna, yadda Alhaji ya ba da shawara. Aka sa masa ankwa duk da haka, ya yi kusan awa tara a tsare kafin jami'in tarayya ya duba ya ce takardunsa lafiya lau. Ƙarar da ya shigar ita ce ta zama shari'ar Melendres, mai ɗauke da sunansa. Minti biyar ɗin Hajiya ke nan.

A wajen shari'ar aka baje wasiƙun da jama'a ke aiko wa Arpaio. Akwai wadda ta rubuto tana ƙorafin cewa ma'aikatan wani gidan abinci a unguwarsu Sifaniyanci suke yi. Ba sata, ba duka, ba laifin da ta ambata. Maimakon a jefa wasiƙar a kwandon shara, sai ya sa a gode mata, ya tura wa mataimakinsa, ba a jima ba sintiri ya sauka yankin. A watan Disamba 2011 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar da bincikenta: direba ɗan asalin Latin Amurka a gundumar ya ninka waninsa sau huɗu zuwa tara wajen yiwuwar a tsayar da shi. A watan Mayu 2013 alƙali Murray Snow, wanda shugaba Bush ƙarami ya naɗa, ya yanke cewa ofishin na wariyar launi. Tun kafin nan an umarci Arpaio ya daina tsare mutane kan zargin shige da fice kawai, ya yi kunnen uwar shegu. A 2017 aka same shi da laifin raina kotu, kafin a yanke masa hukunci shugaba Trump ya yi masa afuwa. Shi ya tsira. Masu biyan haraji na Maricopa ba su tsira ba: kuɗin shari'ar da na gyaran ofishin ya haura dala miliyan 200. Alhaji, kai da kake ciniki da mai tumatir a kan naira hamsin, ka ji farashin ciro ka nuna.

Yanzu ga wanda na ajiye muku don dariya. A 2011 jihohi biyar suka kwaikwayi Arizona: Utah, Indiyana, Jojiya, Karolina ta Kudu da Alabama. Ta Alabama, HB 56, ta fi kowacce zafi. A watan Nuwamba na shekarar wani ɗan sanda a garin Tuscaloosa ya tsayar da motar haya da ba ta da lamba. Direban ya miƙa katin shaida na ƙasarsu, fasfo na otal. Ɗan sanda ya bi doka yadda aka rubuta ta, ya kama shi. Ashe Bajamushe ne, manaja a kamfanin Mercedes-Benz, kamfanin da Alabama ta zuba kuɗi da rangwamen haraji ta lallaɓo shi ya kafa masana'anta a garin Vance. Sai da abokin aikinsa ya ɗauko fasfo aka sake shi. Maganar ta kai har ofishin gwamna Robert Bentley. Ba a gama share gumi ba aka sake rubuta wa wani ɗan Japan ma'aikacin Honda takardar laifi, ita ma aka soke. Wata jarida a St. Louis ta rubuta wa Mercedes buɗaɗɗiyar gayyata, ta ce su tattaro su dawo jihar Missouri.

Nan da nan aka fara maganar a sake duba dokar. Malam, tambayata gare ka: me ya sa aka ji kunya? Ɗan sandan nan bai yi kuskure ba. Baƙo ne, ba takarda a hannu, doka ta ce a kama. Shi ne ma mutum na farko da ya yi aiki irin na jandarmanka, ba sani ba sabo. In dokar ta kowa ce, kamata ya yi a ba shi lambar yabo. Rawar jikin da manya suka yi ita ta tona asirin cewa akwai wanda aka ɗinka wa rigar, kuma ba mai Marsandi ba ne.

Waɗanda aka ɗinka wa kuwa sun gane tun ranar farko. Bayan da kotu ta bar dokar Alabama ta fara aiki a ƙarshen Satumba 2011, da sashenta mai cewa makarantu su binciki matsayin sababbin ɗalibai, yara 'yan asalin Latin Amurka fiye da 2,000 ba su je aji ba a rana guda, alhali tun 1982 Kotun Ƙoli ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige da fice. Da yawan yaran nan a Amurka aka haife su, 'yan ƙasa ne cikakku. Uba ne ko uwa ba su da takarda, gida kuwa ba ya rabuwa biyu don a bi doka. Manoman tumatir suka wayi gari ba masu tsinka, amfani ya ruɓe a gona. A Jojiya gwamna Nathan Deal ya kawo dabarar a tura waɗanda ke ɗaurin talala su yi aikin gonar. Aka gwada. Da yawansu rana ta buga su suka ajiye bokiti suka kama gabansu.

Kotun Ƙoli ta yanke nata ranar 25 ga Yuni 2012, alƙalai biyar da uku. Ta soke sassa uku na dokar Arizona: wanda ya mai da rashin riƙe takardar zama laifin jiha, wanda ya haramta wa baƙon haure neman aiki, da wanda ya ba da ikon kamu ba sammaci. Hujjarta, shige da fice hurumin tarayya ne. Sashen tambayar takarda ta bar shi, da gargaɗin cewa in aka tsawaita tsare mutane don bincike kawai, ƙofar ƙara a buɗe take. A 2016 jihar ta yi sulhu da masu ƙara, babban lauyanta ya fitar da ƙa'ida cewa ba za a riƙe mutum fiye da lokacin da laifin farko ke buƙata ba. Pearce kuwa tun Nuwamba 2011 mutanen mazaɓarsa suka yi masa kiranye, wani ɗan jam'iyyarsu ya kayar da shi.

Hajiya na cewa duk wannan can ne, ina ruwan biri da gada. Tambayi dattawan Borno. A watan Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar, suka kai shi iyaka suka tura shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa, mai kujera a majalisa. Sai da babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne ta soke korar. Na san Fulanin da ke cikinku za su ce Babarbare ne, a bar wa Chadi kayanta. Ku yi dariyarku, sannan ku tambayi mutanen zango a Kumasi da Accra abin da ya faru a 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka loda har da waɗanda a Gana aka yanke musu cibiya.

Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, kana da jama'a. Ƙuri'un jin ra'ayi na 2010 sun nuna mafi yawan Amurkawa na goyon bayan dokar Arizona. A Disamba 2023 gwamnan Texas Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta mai da tsallako iyaka laifin jiha, aka shiga kotu da ita. A Nuwamba 2024 masu zaɓe a Arizona suka amince da makamanciyarta da fiye da kashi 60 cikin ɗari. A ranar 8 ga Satumba 2025 kuma Kotun Ƙoli ta ɗage, na wucin gadi, umarnin wata alƙaliya da ya hana jami'an tarayya a Los Angeles tare mutane bisa abubuwa huɗu kawai: launi ko asalin da aka gani a ido, yin Sifaniyanci ko Turanci mai lafazin baƙi, wurin da aka same ka kamar tashar bas ko wajen wankin mota, da irin sana'arka. Alƙali Brett Kavanaugh ya rubuta cewa asali shi kaɗai bai isa ba, amma yana iya shiga lissafi, kuma mai gaskiya tambaya kaɗan za a yi masa a sake shi. Alƙaliya Sonia Sotomayor ta yi masa raddi mai zafi. Ka ga har a Kotun Ƙoli akwai mai ra'ayinka, sai ka gyara hula.

Amma tun da kai ne kullum kake cewa in Allah ya sa bizar nan ta fito za ka je ka ga yadda ake tara dala, zo mu gwada ma'aunin a kanka. Launi, ba sai an tambaya ba. Lafazi, kai da "fifti" ke fitowa "pipti" ko a gaban ma'aikacin banki. Wurin tsayuwa, tashar bas, don ba da mota za ka sauka daga jirgi ba. Sana'a, kada mu yaudari juna, ba shugaban kamfani za a ba ka a watan farko ba, soso da bokiti ne. Huɗu cikin huɗu, ranka ya daɗe. Ko a firamare ba ka taɓa cin maki haka ba.